Jarkar da Nomau Ya Ɗaure wa Babur

Ku matso ku ji labarin Nomau na Rafin Kanya, mutumin da bai taɓa ƙin bin umarni ba. Da ma ya riƙa ƙi ko da sau ɗaya a mako, da mutanen gidansu sun fi samun kwanciyar hankali.

Su uku ne a gidan. Akwai Haladu, yayansa, mai babur, wanda ke ɗaukar mutane da kaya zuwa kasuwannin ƙauye. Akwai Ladidi, matar Haladu, mai murza taliya tana sayarwa. Sai shi Nomau, ƙato mai shekara talatin da ɗoriya, ƙirji kamar ƙofar rumbu, zuciya kuwa fara tas. Abin da aka faɗa masa shi yake yi, ba ragi ba ƙari. Haladu ya taɓa cewa ya riƙa ba wa dashen mangwaro ruwa kullum da safe. Damina ta zo, ana sheƙa ruwa kamar da bakin ƙwarya, sai ga Nomau a gindin mangwaro da buta, ya lulluɓa buhu a ka yana zubawa. Wasu na kiransa wawa. Amma in za a faɗi gaskiya, rabin laifin na masu ba shi umarni ne, don su ne ke faɗin rabin magana su haɗiye rabi.

Abin da ya ta da rigimar kuwa daɓe ne. A ranin nan Ladidi ta tara matan unguwa suka yi kwana uku suna dukan tsakar gida da madaɓi, suna yayyafa ruwan makuba, wato jiƙon ɓawon ɗorawa, har daɓen ya yi ja yana sheƙi. A kansa take shimfiɗa tabarma ta shanya taliyarta. A kansa kuma Haladu ke kafe babur, don ba ya yarda ya bar shi a waje. Murfin sarƙar babur ɗin ya daɗe da yin nasa wuri, kuma duk ranar da aka zuba mata baƙin mai, sai ta yini tana ɗiga. Ladidi ta wayi gari ta ga tabo uku baƙaƙe wuluk a tsakiyar daɓenta, ta ce wallahi ba za ta saɓu ba.

Haladu ba mai son hayaniya ba ne, sai ya ɗora aikin kare daɓen a kan Nomau. Ya kuma haɗa masa da abin da ya san yana tsoro. Kawunsu Maikano ya daɗe yana aike a ba shi Nomau ya je ya tsare masa gona daga birai, can Ƙaurar Kawo a bayan daji. Shi kuwa Nomau tun da aka haife shi bai taɓa kwana a wani ɗaki ba sai na marigayiya innarsu.

"Ka ji ni da kyau," in ji Haladu. "Duk abin da ya sauko daga sarƙar nan, kada ya taɓa ƙasa. In daɓen nan ya sake ɓaci, da kaina zan kai ka wurin Kawu."

"Duk abin da ya sauko, kada ya taɓa ƙasa," Nomau ya maimaita.

Wata rana da safe Haladu ya nuna masa yadda ake yi. Ya ɗora babur a kan ƙafarsa ta tsakiya, tayar baya ta tashi daga ƙasa, yana juya ta da hannu ɗaya, ɗayan hannun yana matsa gorar baƙin mai da aka huda wa murfi. Ana haka aka yi sallama da shi a ƙofar gida. Ya miƙa wa Nomau gorar ya ce, "Ci gaba. Duk abin da ya fi kusa da kai, jawo shi ka tara a ƙasa." Nomau ya duba hagu ya ga tsohon gwangwani taku biyu daga inda yake. Ya duba dama ya ga hular Juma'a ta Haladu, wankakkiya, an kife ta a kan turmi tana shan iska. Bai yi gaggawa ba. Ya auna da taƙi, ya tabbatar hular ta fi gwangwanin kusa da taƙi guda, sannan ya ɗauko ta ya jirkita ta ƙarƙashin sarƙa. Haladu ya dawo ya tarar da ita ta sha ta ƙoshi.

"Nomau! Hulata ce fa!"

"Ita ta fi kusa, Yaya. Na auna."

Haladu ya sunkuya yana duba hular. Daga ƙofar kicin Ladidi ta leƙo ta duba daɓenta, ta ga ko ɗigo bai taɓa shi ba, ta ce ita dai ba ta ga laifin ƙaninta ba. Ran nan da gashi a waje Haladu ya je masallaci.

Wata rana kuma, da aka zo sake zuba mai, Haladu ya riga ya yi hankali. Ya ce, "Kada ka sake taɓa abin da ake amfani da shi. Nemo abin da ba shi da amfani ko kaɗan." Nomau ya shiga zagaya gida. Ya ɗauki fasasshen kasko, ya tuna kaji na shan ruwa a ciki, ya ajiye. Ya ɗauki gwangwanin nan, ya tuna da shi ake ɗibar dusa, ya ajiye. Daga ƙarshe ya tsinci wani tsohon kwando a bayan rumbu, gara ta cinye gindinsa. Don kada a ce ya yi gaban kansa, ya kai wa Ladidi.

"Yaya Ladidi, wannan yana da amfani?"

"Wannan? Ko wuta ba zai kama ba."

Hankalin Nomau ya kwanta. Ya kafa kwandon ƙarƙashin sarƙa, ya zuba mai son ransa. Da ya ɗaga kwandon, sai ga tabo a kan daɓe, faɗin faifai. Ladidi ta ɗora hannu a ka. Haladu ya fito yana cewa yau sai Ƙaurar Kawo. Nomau ya tsaya da kwandon a hannu, ido ya kawo ruwa, yana cewa shi fa ya tambaya. Wannan maganar ce ta cece shi, don Ladidi mace ce mai gaskiya, ta tuna da bakinta ta yanke wa kwandon hukunci. Ta debo toka ta goge abin da zai gogu, ta jawo turmi ta ɗora a kan sauran, ta ce wa mijinta, "Malam, bar shi a wannan karon. Ka kai shi wurin wanda ya san aikin ya koya masa."

Wata rana sai suka tafi wurin Gwadabe bakanike a bakin tasha. Gwadabe ya saurari labarin yana dariya har da riƙe ciki, sannan ya ce abin ai mai sauƙi ne. A samu jarka ƙarama a kwantar da ita, a yanke gefe ɗaya ya zama kamar kwale-kwale, a bar mariƙin da murfin. A zuba ɗan yashi a ciki don ya shanye man, kada ya yi ta tangaɗi. A kuma jingina kwali a bayan sarƙar saboda fantsama. Yana magana yana laluben sarƙar da yatsa, sai ya tsaya a mahaɗarta.

"Haladu, makullin nan ya saki. Ɗan ƙarfen nan da kake gani kamar farce, shi ke riƙe da sarƙar gaba ɗaya. In ya fice a hanya, sai turi."

"Sai ranar kasuwa na canza," in ji Haladu, kamar yadda yake faɗa a kan komai.

Nomau bai ji wannan ba, yana can yana haddace nasa: jarka, yanka, yashi, kwali. Yana isa gida ya samu jarka daidai girman da Gwadabe ya kwatanta, ya kwantar da ita, ya dasa mata wuƙa. Abin da Gwadabe bai faɗa ba shi ne jarkar ta zama babu komai a ciki. Man gyaɗan Ladidi ne, cike har wuya. Allah ya taimaka a cikin babban baho ya kwantar da ita, don kada ta zame masa, man duk ya tsaya a ciki. Ladidi ta zo ta ga jarkarta a farke, ta ga manta kwance a baho lafiya lau, ta rasa kuka za ta yi ko dariya.

"Ba wanda ya ce maka a juye tukuna?"

"Ba wanda ya ce."

Ta samo mazurari ta juye man a kwalabe, ta wanke masa jarkar da hannunta. Abin mamaki, matarin man nan ya yi kyau. Yankan ya tafi sumul, bakin ya zauna daidai ƙarƙashin sarƙa tun daga haƙoran baya har kusa da inji. Mako uku aka yi daɓe bai ga ɗigo ba, Nomau har wani tinƙaho yake yi in ya wuce ta gabansa.

Wata rana yashin ya jiƙe sharkaf, Haladu ya ce, "Je ka zubar nesa da gida." Nomau ya fita da hantsi riƙe da jarka da hannu biyu. Ya wuce bayan gari, zai zubar, ya hango gidan mai unguwa, ya ga ai nan kusa da gida ne. Ya ƙara gaba, ya tarar da rugar Fulani, su ma gida ne. Ya ƙetare fadama, sai ga bukkar masu lambu. Azahar ta yi, la'asar ta wuce, ba Nomau. Ladidi ta kasa murza taliya, ta leƙa ƙofar gida ya fi a ƙirga. Haladu ya zagaya tasha da kasuwa yana tambaya. Rana na shirin faɗuwa sai ga shi tafe, ƙafa fururu, leɓe a bushe, jarkar na nan a hannunsa yadda ya fita da ita.

"Yaya, duk inda na je akwai gidan wani."

Ladidi ta sauke ajiyar zuciya, ta miƙa masa ruwa kafin kowa ya ce uffan. Washegari Gwadabe ya ji labari ya ce a riƙa kawo masa baƙin man, masu rufin ɗaki na nema su shafa wa katako saboda gara. Aka huta da wannan.

Wata rana kuwa, ranar kasuwa, abin da ake gudu ya faru. Ladidi ta cika tsakar gida da shanyar taliya, fara sol a kan tabarmi. Kwalin da ake jinginawa a bayan sarƙa, ita da kanta ta ɗauke shi da asuba ta fifita wuta, ta manta ba ta mayar ba. Nomau na tsugune yana juya taya a hankali yadda ya saba, Haladu na tsaye a kansa, fasinja na jira a waje.

"Kai, ka cika sanyin jiki! Juya da ƙarfi mana!"

"Iya ƙarfina, Yaya?"

"Iya ƙarfinka!"

To, mutumin da ke ɗaga buhun masara da hannu ɗaya ne aka ce wa haka. Nomau ya zuba wa tayar ƙarfinsa gaba ɗaya, ta yi wani irin kuka, sarƙa ta shiga feshi. Bango ya samu, rigar Haladu ta samu, taliya ta koma kamar jikin zabuwa, daɓe kuwa tun daga gindin babur har ƙofar kicin ɗigo ne jere reras. A cikin jarka ba abin da ya faɗa.

Ba wanda ya ɗaga murya, kuma wannan ya fi ba Nomau tsoro. Ladidi ta zauna a bakin turmi tana kallon aikin kwana uku na matan unguwa. Ta ce a hankali, "Malam, ni na ɗauke kwalin." Haladu ya ce shi ya gaji, ba ya son jin komai. Gobe da safe Nomau ya haɗa kayansa.

Wata rana, wato washegarin nan, Nomau ya tashi ya share ɗakin innarsu, ya ƙulle rigunansa biyu a ɗankwali. Baƙin ciki ya cika shi, amma bai roƙi kowa ba, don an ce in daɓe ya ɓaci za a kai shi, daɓe kuwa ya ɓaci. Abu ɗaya ne ya dame shi. An kore shi daga gida, amma ba wanda ya ce an janye umarnin farko. Ya samo waya, ya huda jarkar a kusurwa huɗu, ya kwanta a ƙasa ya ɗaure ta tamau a jikin ƙarfen da ke riƙe da tayar baya, bakinta a buɗe ƙarƙashin sarƙa. Haladu ya fito ya gani.

"Wannan kuma mene ne?"

"Ka ce duk abin da ya sauko kada ya taɓa ƙasa. Hanyar Ƙaurar Kawo duk ƙasa ce."

Haladu ya dube shi, ya ga yau ce rana ta ƙarshe, ya ce a bar shi ya yi abinsa. Ladidi ta cusa wa Nomau ƙullin ƙuli-ƙuli a aljihu, ta shige ɗaki da sauri ba ta tsaya sallama ba. Da suka bi ta tasha, 'yan acaɓa suka yi ta shewa, wani ya ce Haladu ya ɗaura wa babur ɗinsa fo irin na kashin yara. Haladu ya sunkuyar da kai ya ƙara wuta.

Sun yi nisa ƙwarai. Sun ƙetare Koramar Gada, wadda a lokacin yashi ne zalla, sun hau gangaren ƙetare, sai inji ya yi ƙara a banza, babur ya tsaya cak. Sarƙar ta rabu a mahaɗa, ta zube tana lilo. Makullin da Gwadabe ya yi magana a kai ya fice, shi da ɗan faifan ƙarfen da yake dannewa. Haladu ya dubi gaba, daji ne. Ya dubi baya, daji ne. Ya dubi gabas, hadari ya haɗu baƙi ƙirin, iska ta fara kaɗa ganye. Kowa a yankin ya san in aka yi ruwa a tudu, koramar nan kwana biyu take yi ba ta ƙetaruwa.

Gumi ya karyo masa. Ya durƙusa ya shiga tona yashi da yatsu, yana bin sawun taya har cikin korama, yana neman abin da bai fi farce ba. Ya dawo ya sake bi. Nomau na tsaye da ƙullin kayansa yana kallo.

"Kai ba za ka taya ni nema ba?"

"Me ake nema, Yaya?"

"Makullin sarƙa! Ya faɗi ƙasa!"

"A'a," in ji Nomau. "Bai faɗi ƙasa ba."

"Ka ga inda ya faɗa ne?"

"Ban gani ba. Amma daga sarƙa ya sauko, kuma ka ce kada ya taɓa ƙasa."

Ran Haladu ya ɓaci. Ya taso zai fizge jarkar ya yi jifa da ita, ya kai hannu, sai ya tsaya. A cikin yashin nan mai danƙo da baƙin mai, ga makullin ya lafe, ga ɗan faifan a gefensa, ga guntun mahaɗar ma, ko ɗaya bai yi tsalle ya fita ba. Haladu ya zauna daɓas a ƙasa. Ya ce alhamdu lillahi ya fi sau goma, yana dariya. Nomau bai ga abin mamaki ba. Shi a ganinsa abin ya faɗa inda aka ce ya faɗa ne kawai.

Haladu ya ciro filaya daga ƙarƙashin kujera. Nomau ya kamo bakin sarƙar biyu ya haɗe su da ƙarfin nan nasa da ya jawo masa kora, yayansa ya zura mahaɗa, ya mayar da makulli, ya ɗan matse shi. Babur ya tashi, taya ta juya. Yayyafi ya fara sauka. Nomau ya hau baya ya rungume ƙullinsa, sai ya ga an karya kan babur an sake gangarawa cikin korama.

"Yaya, ba nan ce hanyar Kawu ba."

"Na sani."

"To ina za mu?"

"Gida. Riƙe ni da kyau."

Ya kuwa riƙe shi da kyau, har sai da Haladu ya ce ya sassauta ya samu numfashi. Suna hawa tudun ƙetare na ɓangaren gida suka ji rugugi a baya, suka waiga, jan ruwa ya cika koramar baki da baki.

Sun iso jiƙe sharkaf bayan la'asar. Ladidi na tsugune a rumfa ta zuba tuwo, kuma kwano uku ta jera, don hannunta ya saba. Tana kallon na ukun ido jajir sai ta ji ƙarar babur. Ta miƙe ta ga mutum biyu a kai, ta juya baya ta goge fuska da gefen zane, sannan ta ce wa Nomau ai ta san birai ma ba za su iya da shi ba. Haladu ya ba ta labari tun daga fari. Ta ce daɓe kuwa a bar mata, in rani ya zo mata za su sake taruwa.

Nomau bai zauna ba. Ya tsaya a gaban yayansa da ƙullin kaya.

"Yaya, an fasa kai ni ne, ko an ɗaga?"

Haladu ya riga ya koyi darasi. Ya tauna maganar sosai, don kada ya bar rabi a ciki.

"An fasa. Yau da gobe da kullum. Ko daɓe ya ɓaci ko bai ɓaci ba, nan ne gidanka."

"Kullum," in ji Nomau. Ya sauke numfashi mai tsawo, ya kai ƙullin ɗakin innarsu ya kwance. Sannan ya fito ya leƙa ƙarƙashin babur, ya tabbatar jarkar na nan daidai, ya jingina sabon kwali a bayan sarƙa, ya wanke hannu ya jawo kwanonsa.

Labarin ya tsaya a nan. Mai shakka ya je tashar Rafin Kanya ya sunkuya ya duba ƙasan baburan 'yan acaɓan da suka yi shewa ran nan, zai ga kowanne da jarkarsa a ɗaure.